Akwatin Tambayoyi: Wuta ta dawo, na'ura na nan tana miƙa

Wasiƙun wannan watan kusan duk a bakin rijiya ɗaya suka haɗu, kuma ba abin mamaki ba ne. Bazara ta kama, wuta na tafiya tana dawowa, kowace ƙaramar kwamfuta da aka dasa cikin wata na'ura, ko allon kantin magani ne ko akwatin famfon foraj, sai ta sake tashi daga tushe sau da yawa a yini. Jiran da ba wanda ya damu da shi lokacin ɗari, yanzu ya zama abin magana. Mun zaɓi wasiƙu shida.

Tambaya: Assalamu alaikum. Akwai tele a farmasinmu da wani yaro ya haɗa mini da Raspberry Pi 4, tana nuna lambar layi da kuɗin magani. Duk sanda kuran ya tafi aka tada gurup, sai ta yi kusan minti biyu ba ta nuna komai ba. Wani lokaci rubutu nake gani yana ƙirga sakan har 1min 30s. Yaron ya ce sai dai in sayi Pi 5. Haka ne?
Wata mai kantin magani, Wadata, Yamai

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki riƙe kuɗinki tukuna. Wannan ƙirgar da kike gani ita ta tona asiri. Minti ɗaya da sakan 30 shi ne wa'adin da systemd, manhajar da ke tada sauran manhajoji a Raspberry Pi OS, take bai wa abin da aka ce mata ta jira. A wannan lokacin na'urar ba aiki take ba, zaune take tana dakon wanda ba zai zo ba. In kin sayi Pi 5, shi ma sakan 90 ɗin zai zauna, sai dai ya zauna da tsada.

A ce wa yaron ya karanta layin da ke ƙirgar har ƙarshe, don yana faɗin sunan abin da ake jira. Galibi kle USB ce ko faifan waje da aka taɓa rubuta sunansa a fayil ɗin /etc/fstab, daga baya aka zare shi aka manta da layin. Ko a goge layin, ko a ƙara kalmar nofail cikin zaɓuɓɓukansa, shi ke nan na'urar ba za ta ƙara tsayawa dominsa ba.

Mai laifi na biyu modem ne. In wuta ta dawo, Pi da modem tare suke farkawa, amma modem ya fi nauyin jiki, yakan ci minti guda ko fiye kafin ya fara raba adireshi. Akwai wata hidima mai suna NetworkManager-wait-online wadda aikinta kawai ta tare hanya har reso ya samu, kuma duk abin da aka ɗaura a bayanta sai ya bi layi. A kashe ta da wannan umarni:

sudo systemctl disable NetworkManager-wait-online.service

Amma fa kashe ta kaɗai ba ya isa in shafin da tele ke nunawa daga intanet ake ɗauko shi. Sai a ajiye kwafin farashin cikin katin Pi, allo ya fara da na jiya, in reso ya zo ya sabunta. Wannan gyaran a manhajar yaron yake, ba a Linux ba, kuma a ganinmu ya fi duk sauran amfani.

Kafin a taɓa wani abu bayan waɗannan biyun, a auna, don gani ya kori ji. Umarnin systemd-analyze yana faɗin jimillar lokaci. systemd-analyze blame yana jera hidimomi daga mafi cin lokaci, sai dai yana ruɗar mutane, saboda hidimomi da yawa tare suke tashi, wadda ta ci sakan 8 a gefe mai yiwuwa ba ta tsare kowa ba. Wanda ya fi faɗin gaskiya shi ne systemd-analyze critical-chain, da ke nuna wane ne ya jira wane. Dukansu ba su ƙirga sakannin farko kafin Linux ya karɓi ragama, ba su kuma ƙirga lokacin da burauzar Chromium ke ɗauka kafin ya zana shafi. Saboda haka a ɗauki bidiyo da wayar hannu tun daga sa filogi har lamba ta bayyana, a maimaita sau uku, a rubuta. Wannan adadin ne naki.

Daga nan a rage kaya ɗaya bayan ɗaya, ana sake aunawa: bluetooth, cups na injin buga takarda, ModemManager, duk wanda allon ba ya bukata. Kada a kashe biyar a tashi guda, don in abu ya lalace ba a san wanne ba ne. Da burauza a kai, abin da za ki sa rai shi ne wajen sakan 20 zuwa 30. Ƙasa da haka sai an sake gini daga tushe, irin wanda mai tambaya ta gaba ke yi.

Abu guda da zai biyo baya: Pi 4 ba shi da agogo mai batir. In ya daina jiran reso, zai tashi da lokacin da ba daidai ba har sai intanet ta zo. In ana buga sa'a a kan tikiti, a sa masa ɗan farantin DS3231, a rubuta dtoverlay=i2c-rtc,ds3231 a config.txt.

Tambaya: Malamaina, barkanku da aiki. Ni ɗalibi ne, aikin kammala karatuna na'urar auna zafi da wutar batir ce ta ɗakin sanyi, a kan BeagleBone Black, na gina Linux ɗin da Buildroot. Daga kunnawa zuwa bayyanar lambobi sakan 14 ne. Malamin da ke duba ni ya ce in sauko ƙasa da 4. Na cire fakiti da yawa amma ko sakan guda bai ragu ba.
Wani ɗalibi, Tawa

Amsa: Ba zai ragu ba, ɗan'uwa, domin fakitin da ke kwance a faifai ba wanda ya kira shi ba ya cin lokaci. Ka yi ta shara a ɗakin da ba kowa. Sakan 4 kuwa mai yiwuwa ne a wannan farantin, ba tare da wani siddabaru ba.

Tashin BeagleBone zango biyar ne. Lambar ROM da ke cikin guntun AM335x ita ke fara farkawa, ta ɗauko ƙaramin mai-tadawa da ake kira MLO. Shi ya shirya RAM ya ɗauko U-Boot. U-Boot, babban mai-tadawa, ya ɗauko ƙwayar Linux, wato kernel. Ƙwayar ta tada direbobi ta kira init, manhajar farko mai tada sauran. Init ya bi layin rubutunsa har ya iso manhajarka. Sai ka san abin da kowane zango ya ci kafin ka san inda za ka sa wuƙa.

Ka nemi adaftar USB zuwa siriyal mai bolt 3.3, irin CP2102 ko CH340. A kan farantin akwai fil shida masu suna J1: na 1 ƙasa ne, na 4 mai karɓa, na 5 mai aikawa. Mai aikawar adafta ya tafi ga mai karɓar faranti, kada kuma ka haɗa wayar wuta ta adaftar. A kwamfutarka ka sa grabserial, wanda ke manna lokaci a gaban kowane layi:

grabserial -d /dev/ttyUSB0 -b 115200 -t -m "U-Boot SPL"

Yanzu ka duba inda lambobin suka yi tsalle.

Tsallen farko za ka same shi a U-Boot. Yana zuwa da jiran sakan 2 ko wani zai danna maɓalli. setenv bootdelay 0 da saveenv sun kawar da shi, kuma da sifili har yanzu kana iya kutsawa in ka danne maɓalli tun kafin ka kunna. In ka sa -2 ka rufe ƙofar gaba ɗaya, kada ka yi haka sai ranar ƙarshe. Bayan wannan, U-Boot na gama-gari yana yawon neman inda zai tashi: kati, eMMC (ajiyar da ke jikin farantin), USB, har reso. Laluben USB kaɗai yana iya cin sakanni. Kai ka san inda ƙwayarka take, to ka sake rubuta bootcmd ya zama umarni uku kacal: load na zImage, load na am335x-boneblack.dtb, sai bootz.

Tsalle na biyu shi ne wanda ɗalibai ba su yarda da shi sai sun yi lissafi da hannunsu. Wayar siriyal tana tura bit 115200 a sakan, kowane harafi yana cin bit 10, wato haruffa 11,520 a sakan. In ƙwayar ta zuba haruffa 25,000 tana tashi, sama da sakan 2 sun tafi a surutu kawai, domin tana tsayawa har kowane layi ya fita. Ka ƙara kalmar quiet a bootargs. Saƙonnin ba su ɓace ba, dmesg zai nuna maka su daga baya. Tun da kana wurin, in akwai rootdelay ka musanya shi da rootwait, na farko yana jiran adadin sakan da aka yanka masa ko faifai ya riga ya shirya, na biyu yana wucewa da zarar faifan ya bayyana. In akwai ip=dhcp ka cire, shi ke sa ƙwayar ta tsaya neman adireshi ko ba waya a jiki.

Cikin ƙwayar kanta, ka sa initcall_debug da log_buf_len=1M na ɗan lokaci. dmesg zai ba ka layuka masu cewa direba kaza ya gama bayan mikrosakan kaza. Ka jera su, ka dubi goma na sama, sauran ba su kai a ɓata musu dare ba. Da make linux-menuconfig ka cire abin da farantinka ba shi da shi: sauti, wifi, tsarin ajiya iri-iri. Btrfs misali yana jawo lambar RAID6, ita kuma tana gwajin gudun furosesa a kowane tashi. Abin da kake bukata amma ba da gaggawa ba, kamar USB da Ethernet, ka mai da shi modul a loda bayan lambobi sun fito. Direban MMC da na tsarin ajiyar tushe kuwa dole su zauna cikin ƙwayar. In ka mai da su modul za ka gamu da Unable to mount root fs, na'ura ta tsaya cik.

Maganar matse ƙwaya ciniki ne tsakanin karatu da warwarewa. XZ ya fi kowa ƙanƙanta fayil, ya kuma fi kowa wahalar da furosesa. LZ4 da LZO fayil ɗinsu ya fi girma amma warwarewa kamar ƙiftawa. In U-Boot na karanta megabait 20 a sakan, ƙarin megabait guda milisakan 50 ne kawai, don haka a Cortex-A8 mai eMMC yawanci LZ4 ko LZO ke cin kasuwa. Amma ka gwada ukun, minti goma ne aikin.

Sai init. Na BusyBox yana bin fayilolin /etc/init.d ɗaya bayan ɗaya, daga S01 zuwa sama. In manhajarka S99 ce, ta jira syslog, ta jira reso, ta jira ssh. Ka dawo da ita gaba, ta tashi da alamar & a bayanta don kada ita ma ta tare wasu. In kana da eudev, ka koma devtmpfs zalla ko mdev. Wasu sukan sa manhajar ta zama init ɗin kanta. Yana da sauri, amma ranar da ta faɗi ƙwayar ma faɗuwa take, ba mu ba ɗakin sanyi wannan shawarar. Ita manhajar ka bi ta da strace -r, za ka ga ko tana laluben fayilolin haruffa ko laburaren da ba su nan. In kuma ta yi shiru har sai layin random: crng init done ya fito, lambobin ƙuri'a take jira. Wannan ciwon tsofaffin ƙwayoyi ne, tun sigar 5.4 ya yi sauƙi, kuma AM335x na da injin ƙuri'a na kansa, ka tabbata direbansa na ciki.

Wuƙar ƙarshe ita ce Falcon, inda MLO ke ɗauko ƙwayar kai tsaye ya tsallake U-Boot. Ana kunna CONFIG_SPL_OS_BOOT, a shirya bayanan da spl export. Yana rage lokaci, amma duk sauyin bootargs sai ka sake shiryawa, shi ya sa ake barinsa ƙarshe. Kafin ka shiga, ka tanadi katin microSD mai cikakken U-Boot. Danne maɓallin S2 lokacin kunnawa yana sa farantin ya tashi daga kati, shi ne igiyar da za ta fito da kai in ka faɗa rijiya ana gobe za ka kare aikinka.

Tambaya: Ina kwananku. Ni mai haɗa sola ne. Na yi akwatin kula da famfon foraj da guntun ESP32 da modem ɗin SIM800L, yana duba ruwan shato ya kunna famfo ya aiko saƙo. Da rana lafiya lau. Da sassafe kuwa sai ya yi ta mutuwa yana tashi, wani lokaci ya sandare sai an cire waya an mayar. Ko ya tashi, famfo ba ya kamawa sai bayan minti guda.
Wani mai sola, hanyar Illela

Amsa: Lafiya lau, Malam. Ciwo biyu ne a nan, ɗaya na wuta ɗaya na rubutu.

Na wuta: da asuba batir ya kwana yana zuba, ko kuma panno ne kaɗai ke ciyar da akwatin, ƙarfin wuta yana hawa a hankali kamar hantsi. ESP32 yana son wuta ta tsaya daram kafin a sake shi ya fara aiki. Rezistans da kondansatar da ke kan ƙafar EN, mai ba guntun izinin tashi, an yi su ne don wutar da ke zuwa farat ɗaya. In ta zo da jan ƙafa, guntun yana farkawa a bolt 2 da ɗoriya, ya karanta ajiyarsa ba daidai ba, ya sandare. Maganinsa ɗan guntu mai gadin wuta, wanda ke danne EN har sai an haye iyaka. MAX809S yana saki a bolt 2.93, ya ƙara jiran aƙalla milisakan 140. In farantinka na da maɓallin EN da da'irar lodi ta USB, ka ɗauki ɗan'uwansa MAX803, don shi ba ya kokawa da maɓalli.

Mutuwa da tashin kuma SIM800L ne. Yana aiki tsakanin bolt 3.4 da 4.4, kuma sa'ad da yake neman eriya yana fizgar har amper 2 cikin guntayen lokaci da ba su kai milisakan guda ba. Multimita ba za ta gani ba. In shi da ESP32 tukunya ɗaya suke ci, kowace fizga sai wuta ta faɗi, ka ga Brownout detector was triggered a siriyal. Ka ba shi nasa mai rage wuta LM2596 da aka saita a bolt 4.0, waya gajera mai kauri, da kondansata mikrofarad 1000 daf da ƙafafunsa. Ka sayi mai rubutun 105°C, domin akwatin ƙarfe a ranar Afrilu ta Adar tanda ce. Ka kuma duba inda ka ɗaura relai. GPIO12 in ya tashi a sama guntun yana zaɓar bolt 1.8 ga ajiyarsa ya kasa tashi, GPIO0 in ya tashi a ƙasa sai ya zauna jiran lodi.

Na rubutu: ESP32 ba ya kai sakan guda kafin ya shiga manhajarka. Mintin da kake gani a setup yake, inda misalan da ake kwafowa suke sa delay mai tsawo, sannan su yi ta zagaye har modem ya samu reso. Ruwa ba ruwansa da reso. Ka fara da karanta shato da yanke hukuncin famfo, ka tura maganar modem wani aiki na daban na FreeRTOS, yana tambayar AT+CREG? duk sakan 2 har ya ji 0,1 ko 0,5, saƙonni na jiransa a layi. Ka cire lambar PIN daga fus ɗin, ka kuma tsayar da gudun siriyal da AT+IPR=115200 da AT&W.

Sai dai a nan akwai jiran da za mu ce ka ƙara da gangan. Famfon cikin rijiya ba ya son a yi ta kunna shi ana kashewa, takardarsa tana faɗin sau nawa aka yarda a awa. Ka sa allon ko fitilar akwatin ta nuna rai nan take, amma relai ya dakata minti biyu ko uku bayan kowane tashi, har wuta ta nuna da gaske take.

Tambaya: Na sa na'urar bin sawu a motocin ɗaukar albasa guda uku. In an tada mota da safe sai ta yi minti biyu ko uku ba ta faɗi inda take ba. Da rana in an tsaya shan shayi aka tashi, nan da nan take kamawa. Me ya bambanta?
Wani mai motoci, Galmi

Amsa: Alhaji, wannan jiran daga sama yake. Taurarin GPS suna aiko bayanin hanyarsu da bit 50 kacal a sakan, kuma zagaye guda na saƙon sakan 30 ne. Na'urar da ta farka ba ta tuna komai dole ta saurari wannan daga aƙalla taurari huɗu, in sigina ya yanke a tsakiya ta jira zagaye na gaba. Takardar u-blox NEO-6M ta ba da sakan 27 ga irin wannan tashin a fili tsaf, da sakan 1 in bayanin na nan a ajiye. Bayanin yana tsufa cikin kamar awa huɗu, shi ya sa tsayuwar shayi ba ta komai amma kwana yana shafe shi.

Don haka rabin minti da safe halal ne. Abin da ya haura shi ne naka na gyarawa. Eriya ta ga sama: ƙarƙashin roba ko gilashi ba laifi, ƙarƙashin ƙarfe ko rumfar kwano laifi ne. Ɗan batirin da ke kan farantin GPS, mai riƙe agogo ta ƙafar V_BCKP, a auna shi bayan mota ta kwana, in ya gaza bolt 1.4 ya mutu, na'urar ko sa'a ba ta sani ba. In tana da hanyar sauko da bayanin taurari ta reson waya, wanda u-blox ke kira AssistNow, a kunna. Kuma a saita ta ta aiko wurin da ta kwana da zarar an tada mota, tun da motar ba ta motsa ba.

Tambaya: An ce mini katin memwar mai tsada yana sa Pi saurin tashi. Ni kuma matsalata, bayan an ɗauke wuta wani lokaci yana daɗewa, sau biyu ma ya ƙi tashi sai da na sake zuba masa komai.
Wani mai gyaran waya, Katako, Yamai

Amsa: Lambar 10 da ke cikin da'ira a jikin kati tana nufin megabait 10 a sakan in babban fayil guda ake rubutawa, kamar bidiyo. Tashin Linux kuwa dubban ƙananan fayiloli ne a warwatse. Alamar da za ka nema A1 ce, wadda ke lamunce karatu 1500 da rubutu 500 a sakan. A2 a kan Pi 4 ba ta ƙara maka abin kirki, kada ka biya kuɗinta. Kowane sabon kati ka bi shi da f3write da f3read kafin ka yarda da shi, jabu sun yi yawa, suna rubuta 64 a jiki alhali cikinsu bai kai ba.

Daɗewa da ƙin tashi kuwa tushensu ɗaya. In wuta ta yanke kati na tsakiyar rubutu, a tashi na gaba sai tsarin ajiya ext4 ya tsaya gyaran littafinsa, wani lokaci fsck mai duba lafiyar faifai ya bi faifan. Wannan in an yi sa'a ke nan. In ba a yi ba, kati yana rubutu ne a manyan ɓangarori, yankewar na iya cinye fayil ɗin da ba a ma taɓa ba. Magani a hana rubutu. A raspi-config, ƙarƙashin Performance Options, akwai Overlay File System. In ka kunna, tushen ya zama na karatu kawai, duk rubutu a RAM yake sauka ya ɓace da wuta, kowane tashi kamar na jiya. Abin da dole a adana ka ware masa ɓangare na daban ko kle, da nofail. Ka tuna kashe shi kafin ka sabunta manhaja, in ba haka ba aikin banza ka yi.

Ka duba caja ma. Pi 4 yana son bolt 5.1 da amper 3, ƙasa da 4.63 yana rage gudu. vcgencmd get_throttled in ya ba ka 0x0 lafiya, in 0x50005 ne caja ko wayarta ce.

Ga wanda zai iya, hanyar da ta fi duka ita ce kada na'urar ta mutu sam. Batir mai bolt 12 da amper-awa 7 yana ɗauke da wat-awa 84. In rabi ka ci don ya daɗe, 42 ke nan, Pi da ke jan wajen wat 5 har da asarar mai rage wuta zai yi kusan awa 8. Ka ajiye batirin a inuwa kusa da ƙasa, domin irin na dalma kowane ƙarin digiri 10 sama da 25 yana raba kwanansa biyu. Bankin cajin waya kuwa ka gwada shi tukuna: da yawansu suna ƙifta wuta sa'ad da aka zare su daga bango, ƙiftawar nan ta isa ta kashe Pi.

Tambaya: Na'urar ɗaukar yatsan ma'aikata a ofishinmu tana tashi cikin sakan 10 a gida, amma a ofis sai ta ƙara rabin minti kafin ta samu adireshi. Waya ɗaya ce, na gwada.
Wata ma'aikaciyar reso, Plateau, Yamai

Amsa: Malama, ki bar na'urar, ki dubi suwic, akwatin da wayoyin reson ofis ke haɗuwa. Sakan 2 zuwa 3 na farko na gaisuwar Ethernet ne, inda ɓangarorin biyu ke daidaita gudu, wannan ko'ina akwai shi. Rabin mintin kuwa sa hannun tsohon Spanning Tree ne, tsarin da ke hana reso zagaye a kansa: duk ƙofar da aka sa wa waya sai ta yi sakan 15 tana saurare, ta ƙara 15 tana koyon adireshi, kafin ta bar komai ya wuce. Na'urarki tana ta kiran DHCP, mai raba adireshi, a bakin rufaffiyar ƙofa, kuma kowane kira da ya faɗi tana tsawaita tazarar na gaba, shi ya sa wani lokaci ya haura 30. A suwic ɗin Cisco umarnin spanning-tree portfast ne a kan wannan ƙofar, wasu kamfanoni suna kiransa edge port. Ki sa shi a ƙofofin da na'ura guda ke bayansu kawai, ban da wadda ta tafi wani suwic, ki haɗa da bpduguard, mai rufe ƙofa in ya ji suwic a bayanta, don ranar da wani zai kawo nasa suwic daga gida ya soka. In kin ba na'urar tsayayyen adireshi a wajen kewayon da DHCP ke rabawa, kin sake rage sakan biyu ko uku.